Wankan Kaskar da Na Yi wa Akuyata

Ni da jar akuyata tare muka yi goyon ciki a shekarar, har matan gidanmu suna tsokanata wai su ga wa zai riga sauka. Kaska ta dame ta, duk kunnuwanta sun cika. A ƙauyenmu na gefen madatsar ruwan Watari ba mai sayen maganin kaska daban. Ragowar maganin feshin tumatir ake tsiyayawa a murfin kwalba, a zuba a bokitin ruwa, a wanke dabba. Haka na taso na ga ana yi. Maigidana kullum yana wajen noman rani, ni kuwa ba ni da haƙurin jira, sai na tsuguna na wanke ta da hannuna, har sau uku. Warin ya sa ni amai, na ce laulayi ne.

Biyu akuyar ta haifa. Ɗaya bai yini ba. Ɗayan ga shi kyakkyawa, amma bai san nono ba, sai na tura masa a baki. Da ya tasa sai ya riƙa zagaye wuri ɗaya, ko ya kafa goshi a bango ya tsaya. Uwar ta yi ta kuka a bayansa, ko waiwaye ba ya yi. Surukata ta ce iska ce, ta yi masa hayaƙi.

Ina wata takwas malamin dabbobi ya zo rigakafi. Da ya ga ɗan akuyan, ya kuma ji batun wankan, ya ce irin wannan magani yana ratsa fata, yana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Sai ya dubi cikina.

"Wa ya yi mata wankan?"

"Maigidan ne," na ce.

Wallahi ban san lokacin da ƙaryar ta fito ba. Tsoro ne ya kama ni, har yau kuma bai sake ni ba.

Ɗan akuyan bai kai damina ba. Nawa ɗan yana nan, shekara biyu da rabi, ga ci ga dariya, amma ko "Inna" bai taɓa cewa ba. A asibiti sun ce wasu yaran sukan yi jinkirin magana, in ƙara haƙuri. Su ma ban gaya musu ba.

Kullum da safe, in ba kowa a tsakar gida, nakan tsaya a bayansa in kira sunansa a hankali. Wata rana ya juyo, wata rana bai juyo ba.