Takalma a Bakin Ƙofar Dorinda

Da yawanmu mun ɗauka zomon da ke kwana a falo, wanda bai taɓa taka ƙasar waje ba, ba ruwansa da rigakafi. Wadda ta fi kowa ƙoƙarin raba mu da wannan tunani, Dakta Dorinda Archuleta, likitar dabbobin garinmu a arewacin jihar New Mexico ta Amurka, ta rasu ranar Talata, 4 ga Maris, bayan gajeriyar jinya.

Dorinda, na san ki ne a shekarar da annobar zomaye ta shigo, ana tsintar zomayen daji matattu a bakin hanya da jini a hanci. A lokacin ina jagorantar ƙungiyar yara masu kiwon zomo. Ɗalibata Marisol ta tsinko wa zomonta ɗanyar ciyawa daga bayan gari don ta faranta masa. Bai ga ƙarshen makon ba. Ba ki yi mata faɗa ba. Zaunar da ita kika yi, kika bayyana mata cewa cutar ba ta da magani, tana bin ciyawa da ƙuda da tafin takalmi, kuma ba abin da ke tare ta kamar allura.

Tun daga nan ba mai shiga asibitinki da takalmi. Tsoho Eusebio mai shanu, da ya rako jikarsa, ya yi gardama: "Likita, safata a huje take."

Kika ce, "Kawu, zomaye ba sa gulma. Cire."

Duk shekara idan sanyi ya wuce kina ware Asabar guda don sabunta allurar, ki bi mu da waya ɗaya bayan ɗaya: "Ina mai dogon kunnen? Kada ki sa in zo da kaina." Bana kariyar bara tana gab da ƙarewa, kuma wayar ba za ta yi ƙara ba.

A gidan makoki na tarar da takalma jere a bakin ƙofa, har da na Eusebio. Ba wanda ya ce a cire.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki. Ya ba mijinki Leandro da 'ya'yanki haƙurin rashi.

Abokin aikin Dorinda zai buɗe asibitin Asabar mai zuwa don sabunta allurar. Marisol ce za ta kai zomon da marigayiyar ta bari. Ku kawo naku, ko ba a kira ku ba.