Saƙon Yaya Sule da Na Riƙe Kwana Goma Sha Ɗaya

Ranar Talata ce da hantsi, ina zaune a rumfar tsakar gida tare da matan da nake biya wa karatu, wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin tabarma. Ba na ɗaukar waya in ana karatu. Ta katse, ta sake, ta kuma sakewa. A karo na uku na ce su ci gaba da tilawa, na ɗauka. Bilkisu ce, 'yar yayana, daga asibiti a birni. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Gwaggo, Baba ya cika." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na maimaita. Matan suka jingine allunansu ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa raina ba mutuwar ba ce. Saƙonsa ne da yake wurina ban isar ba.

Malam Sulaimanu, wanda ni nake kira Yaya Sule, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, mu biyu kuma muka rage. Tare muka fara allo a zauren mahaifinmu, a ƙauyenmu na kusa da Zakirai. Shi aka kai boko, ni na zauna har na sauke. Ya karanci wutar lantarki, karatu ya kai shi ƙasar Turawa, ya yi shekara ashirin da wani abu a wani ofishi inda ake tantance ƙirƙire-ƙirƙire kafin a ba mutum takardar mallakar abin da ya ƙirƙira. Ɓangarensa shi ne na'urorin da suke juya wuta daga wani hali zuwa wani, irin su inbata da caja. Da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka kama gabansu, sai ya tattaro littattafansa ya dawo gidan mahaifinmu shi kaɗai.

Mutanen gari sun ɗauka an dawo musu da mai gyara. Aka yi ta kai masa rediyo da fanka, yana cewa a kai wa masu aikin, su suka fi shi hannu. Har aka sa masa suna Injiniyan da ba ya gyara. Ni ma wata rana na tambaye shi, na ce, "Yaya, wai me ka yi musu a can duk shekarun nan?"

Ya nuna mini layin gambar da ya raba gonar gadonmu da ta maƙwabci. A nan wajenmu gona tana jikin gona, taki ɗaya ma sai an yi shari'a a kansa. Ya ce, "Malama, aikina duba gamba ne. Mutum zai zo ya ce wannan dabarar tawa ce, kada kowa ya shiga. Sai in yi masa tambaya biyu. Ta farko, ina iyakarka? In ya ce gonata ta kai har can wajen, sai in ce can ina? Dole ya shata ta yadda maƙwabci zai san inda zai tsayar da garmarsa. Ta biyu, wannan wurin da ka kewaye, kai ka sare shi, ko hanya ce da kowa zai bi ta da ƙafarsa?"

Haka yake a komai. Ba ya cewa "na ji an ce". In aka kira shi shaida, sai ya ware abin da ya gani da abin da ya zata. Wata damina ya lura masu yi masa shuka sun zarce da kunya ɗaya ta gero cikin gonar maƙwabci. Maƙwabcin ya ce a bar shi, ba komai. Yaya ya ce, "Yau ba komai. Jikokinmu ne za su ce da komai." Ya bar masa kunyar da abin da ke kanta, ya sake dasa gamba.

Tun rasuwar maigidana, kullum bayan la'asar Yaya yakan zo ya zauna a wata 'yar kujera a bakin rumfata. Wani lokaci da takarda a hannunsa, don akwai masu aiko masa da rubutunsu ya duba. Sai ya juya mini jimla zuwa Hausa ya ce, "Biya mini." In na kasa maimaita abin da ake nufi, sai ya ja layi a ƙarƙashi. Yakan ce in mai hadda ta kasa riƙe magana, maganar ce ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Yanzu dole in kawo zancen ɗana na fari. Ba na kama sunansa, kamar yadda mahaifiyarmu ba ta taɓa kama na Yaya ba. Gari na kiransa Mai Sola, ni ma da shi zan kira shi a nan. Tun yana ƙarami Yaya ya ɗauke shi nasa. Shi ya sa shi makaranta, shi ya riƙa aiko masa da littattafai da 'yan kayan aiki daga can. Ya girma ya buɗe shago a bakin kasuwa, yana kafa wa masu noman rani farantan sola da injin ban ruwa. Ni tsakanina da shi gaisuwa ce. Kullum da safe zai tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa fuskata tana wani wajen. In da magana, ta bakin matarsa Hadiza take bi.

Shekara biyu ya yi yana haɗa wani akwati da ake sawa tsakanin farantan da injin. Akwatin yana tuƙa injin, yana cajin batir, yana cajin waya, duk a wuri ɗaya. Ya rubuta bayaninsa ya kawo wa kawunsa, yana son a nema masa takardar mallaka. Yaya ya riƙe akwatin da rubutun kwana uku. Ranar da zai ba da amsa, Mai Sola ya zo da abokansa huɗu, har da lemo suka sayo. Ina cikin gidan na kai wa Yaya abinci, zauren kuwa bango ɗaya ne tsakaninmu.

Na ji Yaya ya ce, "Aikin hannunka ya yi kyau, ban ga inda zan gyara ba. Amma abin da ka ce naka ne, ba sabo ba ne. Ga takardar wani, ya yi rabin farko tun tuni. Ga ta wani, ya yi rabi na biyu. Haɗa su a akwati ɗaya kuwa, duk makanikin da ya san aikinsa, in ka ajiye masa takardun nan biyu, zai kai nan da kansa. Sannan ka rubuta wai yana daidaita wuta yadda ya kamata. Yadda ya kamata a wurin wa?"

"Kawu, shekara biyu fa na yi a kansa."

"Na sani. Ba a tambayar wuyar da ka sha. Wahala daban, sabon abu daban."

Sai na ji muryar ɗana, wadda ban taɓa jin ta haka ba: "Da Bature ne ya kawo, da tuni ka sa hannu."

Yaya ya ce, "Na mayar da na Turawa fiye da yadda zan iya ƙirgawa." Gaskiya ya faɗa, amma ba ita yaron yake bukatar ji a gaban abokansa ba. Wannan kam laifin Yaya ne, kuma daga baya shi da kansa ya faɗa mini: ya kamata ya sallami abokan tukuna.

Kafin sati ya zagayo magana ta cika gari, wai hassada ce, wai Yaya ya yi wa Turawa bauta ya dawo yana danne nasa. 'Yan zaman da suke zuwa ƙofar gidansa suka janye. Zai je masallaci, a gaisa a tsaitsaye, ya dawo. Mai Sola yakan ɗaga masa hannu daga kan babur ba tare da ya tsaya ba. Ni kuwa na yi shiru. In na yi wa Yaya maganar yaron, na zama marar kunya mai tsaya wa ɗan fari. In zaunar da yaron kuma, ban taɓa yi ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na riƙa aika wa kowannensu tuwo. Haka muka ci shekara guda da rabi.

A ranin da ya wuce, Yaya ya fara ɗaukar kujerarsa yana gangarawa fadama, ya zauna kusa da injin wani mai albasa da aka kafa wa akwatin Mai Sola. Ba ya taɓa komai, saurare kawai yake. Har aka fara cewa tsufa ya taɓa shi. Ashe wani abu ya ji. 'Yan rijiyoyin bututu na fadamarmu, in rana ta take, ruwansu yana ja baya. Injin sai ya fara tari, iska ta shiga, ya tsaya ko ya ƙone. Amma na mai albasa, da ya fara tarin sai ya sassauta da kansa, ya riƙa ja a hankali daidai yadda rijiyar take kawowa. Yaron ya taso yana ganin manoma suna sauraron injin fetur da kunne suna rage masa wuta, sai ya koya wa akwatinsa yin haka. Ko ambatonsa bai yi a rubutunsa ba, don a ganinsa ba wani abu ba ne.

Yaya ya yi makonni a gaban kwamfutarsa yana bincike. Sai wata la'asar ya zo da takarda ɗaya, jimla ɗaya ce a kanta. Ya karanta, ya ce in biya. Da ya zo inda ya ce akwatin yana rage gudu kaɗan, na ce, "Yaya, kaɗan nawa? Kaɗan ɗinka ko nawa?" Ya dube ni, ya fashe da dariya har da tari. Na manta rabon da in ji dariyarsa. Ya ce, "Malama, ke ya kamata su ɗauka a ofishin can, ba ni ba." Ya soke kalmar. Muka yi ta yi har ta zauna mini kamar ƙarin allo:

Akwati ne da yake tsakanin farantan sola da injin ban ruwa, wanda yake auna rawar da wutar injin take yi idan iska ta fara shiga bututu, ya rage gudun injin mataki-mataki har rawar ta tsaya, ya riƙe shi a wannan gudun, sannan ya gwada ƙara mataki ɗaya duk bayan wani lokaci da aka ƙayyade.

Ya ce, "Wannan ce gonar yaron nan. Ban ce ba wanda ya taɓa yi a duniya ba, na ce na nema ban samu ba. Kuma makanike ba zai kai nan da karatu kaɗai ba, sai wanda ya zauna a fadama. Na kira shi bai ɗauka ba. Na je shagon sau biyu, an ce ba ya nan. Ki gaya masa da bakinki, ba ta bakin Hadiza ba. Ki ce ya dakata da kafa wa mutane har a shigar da takarda."

Na ce, "Yaya, ka san ba na..."

Ya ce, "Na sani. Shekara talatin da biyu kina jin kunyarsa. Ara mini rana ɗaya."

Na ce to. Washegari yaron ya tsaya a bakin ƙofa, "Inna, ina kwana?" Na amsa, maganar tana bakina, na bar shi ya tafi. Na ce gobe. Gobe ta zo na ce bari Juma'a ta wuce. Ni da ba na barin ɗaliba ta tsallake wasali ɗaya, na tsallake safiya goma sha ɗaya. A ta tara Yaya ya tafi birni a duba ƙirjinsa, ya ce kwana uku zai yi. Da zai hau mota ya tambaye ni ko na faɗa. Na ce ina nan ina shiri. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "To, Malama."

Ranar jana'iza, Mai Sola ne ya shiga kabari ya karɓi gawar Yaya. An gaya mini bai yi kuka ba, bai kuma yi wa kowa magana ba. Washegarin sadakar uku ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. Na juyo na dube shi. Na kira shi da sunansa na yanka, karo na farko tun ranar da aka raɗa masa. Ya waiga baya, ya zaci wani ne. Na nuna masa kujerar Yaya, na ce ya zauna. Na biya masa jimlar daga farko har ƙarshe.

Ya ce, "Inna, sake." Na sake.

Ya ce, "Wannan ai ba komai ba ne. Kowa ma..."

Na ce, "Kawunka ya ce ba kowa ba. Ya ce gonarka ce."

Ya tambaye ni yaushe kawunsa ya faɗa. Da zan iya cewa dab da tafiyarsa, ba kuma zai taɓa sani ba. Na ce, "Kwana goma sha ɗaya kafin ya rasu. Ni na riƙe." Na jira ya yi mini irin muryar da ya yi wa kawunsa. Sai ya ce, a hankali, "Inna, duk zuwan nan biyu da ya yi, ina cikin shagon." Daga nan ya sa fuskarsa cikin hularsa. Na bar shi ya yi kukansa, ban kau da kai ba.

Ko takardar za ta samu, ban sani ba. Bilkisu ta kai rubutun ga wanda ya san hanya, shi kuma ya ce akwatunan da aka riga aka kafa a fadama za su iya zama matsala. Yaya ne zai iya faɗa mana gaskiyar wannan, ko da ba za ta yi daɗi ba. Yanzu in la'asar ta yi, matan sun watse, sai ni da kujerar. Wani lokaci ina tsintar kaina ina biya jimlar ni kaɗai, ba mai cewa na yi daidai.

Ya Allah, bawanKa Sulaimanu ya zo gare Ka. Bai taɓa ba mutum abin da ba nasa ba, bai kuma huta ba sai da ya nemo wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Ka gafarta masa kaifin harshensa, Ka karɓi gaskiyarsa, Ka sauƙaƙa masa tambayar kabari, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da iyayenmu da matarsa a Aljanna. Ka ba Bilkisu da 'yan uwanta haƙuri, Ka sanyaya zuciyar ɗan da ya yi renonsa. Ni kuma da ya bari ni kaɗai a gidanmu, Ka yafe mini safiyoyin nan goma sha ɗaya. Ya tafi bai san saƙonsa ya isa ba. Ya Allah, Kai Ka sanar da shi. Amin.