Ƙyauren Kakata

Da ruwan Tiga ya ci garinsu, abu ɗaya kakata ta ƙi bari a baya: ƙyauren ɗakinta. Na katako ne, baƙi wuluk, mai nauyin tsiya, kakana ne ya sassaƙa shi da hannunsa. A ka aka ɗauko shi har sabon matsuguninmu a wajen Bebeji, inda aka haife ni. Garin kuwa yana can ƙarƙashin ruwa, yayyena suna kamun kifi a kansa.

Ina aji uku a jami'a, sashen tarihi, malaminmu ya ce ɗakin adana kayan tarihi na makaranta yana neman tsofaffin kaya. Ni da shegen bakina na ce akwai a gidanmu. Da na je hutu na faɗa wa kakata, sai ta watsa min harara.

"Kai maigida, ashe sata ake koya muku a bokon? Ka cire min ƙyaure awaki su kwana a kaina?"

Na ce zan sa mata na ƙarfe. Ta ce in riƙe ƙarfena. Bayan kwana biyu sai ga ta da kanta, ina cikin cin tuwo. Ta ce abu ɗaya ke ci mata rai: yaran yanzu ko sunan garin ba su sani ba, kowa ka tambaya sai ya ce shi ɗan Tiga ne, kamar dam ɗin ne ya haife shi. In dai za a rubuta sunan garin kusa da ƙyauren, jama'a su riƙa karantawa, to ta bayar. Na ce ai aikinsu ke nan. Da na kai ƙyauren, sai da na maimaita wa ma'aikacin wurin sunan, ya ce ba damuwa.

Ranar bikin yaye mu aka kawo ta birni. Ko ta kan rigata ba ta bi ba, wai na yi kama da tulun da aka yafa wa zani. Ita dai a kai ta wajen ƙyaurenta.

An goge shi da mai yana ta ƙyalli, an kafe shi a bango kusa da wani dutsen niƙa. Ta kai hannu, mai gadi ya ce, "Hajiya, ba a taɓawa."

"Yaro, ina taɓa shi tun uwarka ba ta yi haƙori ba." Ta shafa abinta, sannan ta nuna min ɗan allon da ke ƙasansa. "Karanta min."

Na fara dubawa a zuci. Layi ɗaya ne da Turanci. Na fassara mata yadda yake: ƙyauren gargajiya, ƙasar Hausa.

"Sai kuma me?"

"Iyakarsa ke nan, Kaka."

Wallahi raina ya ɓaci. Na faɗa ofis ina ta sababi, aka ce haka ake buga allunan duka, in rubuto koke, kwamiti zai zauna. Har yau kwamitin bai tashi daga zaman ba.

Da na dawo na same ta tsaye inda na bar ta. Matar da ba a raba ta da faɗa, ranar ko tsaki ba ta yi ba, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo. Ta gyara mayafinta, ta ce, "Ashe har nan ruwan ya biyo shi. Zo mu tafi gida."