Akwatin da Muka Kai Kan Tudu

A shekarun da nake tuƙa tasi a New York, sau da yawa daga kan jirgin fiton Staten Island nakan hango manyan jiragen ruwan nan na masu yawon shaƙatawa, farare fat, suna fita teku a hankali. Ban taɓa sa wa raina zan shiga ɗaya ba. Kawuna ne ya jawo. Ƙanen mahaifiyata ne, mutumin Maraɗi, yana sayar da huluna da tabarau a Harlem, sai dillalin da yake saro kaya a wurinsa ya yi masa kyautar tikiti uku. Ya zo har gidanmu a Park Hill ya ce mu shirya, ni da matata. A tsakiyar shekarun casa'in ne, tana da cikin fari, ba ta kuma daɗe da zuwa daga Kano ba. Turancinta bai wuce gaisuwa da godiya ba.

Tun da muka bar gaɓa teku ya ƙi jininta. Ranar da jirgin ya tsaya a wani ƙaramin tsibiri ko zama ba ta iya yi, ta ce mu je mu gano mata, ita dai a bar ta ta kwanta. Fasfo ɗinmu da sauran takardu duk suna cikin jakarta. A bakin tsanin sauka daga jirgi wani ma'aikaci ya ja mana kunne cewa jirgi zai busa ƙaho idan lokaci ya yi, kuma ba ya jiran kowa.

A bakin tashar ana ba da hayar 'yan motocin golf masu batir, kujera biyu a gaba da ɗan dandamali a baya. Ni da nake kokawa da sitiyari a Manhattan, aka miƙo min abin da ko ƙofa ba shi da ita, matar wurin har tana nuna min inda birki yake. Na hau na kama sitiyari. Kawu kuwa ya hakimce cikin babbar riga, ya ce ko gwamna albarka.

Abin da ya fara damuna da motar, ba ta yin ƙara. Muna wuce shagunan tsaraba gari ya mutu. Gidaje masu fenti shuɗi da ruwan hoda, tagogi a rufe, wanki a kan igiya, amma ko kare babu. Muna ta sulalewa shiru kamar ɓarayi, har numfashin Kawu nake ji.

Muna shan wata kwana muka gan su. Tsofaffi huɗu cikin baƙaƙen kwat, ɗauke da akwatin gawa a kafaɗa, suna jan ƙafa. Ba kowa a bayansu, ba mai kuka, ba fasto. Kawu ya dafa gwiwata ya ce in tsaya. A wurinmu in ka ga an ɗauko gawa ba ka wucewa, sai ka sa kafaɗa ko da taku kaɗan ne. Na tuna masa ba Maraɗi muke ba, kuma ba mu san addinin mamacin ba. Ya ce ɗan Adam ne dai, kuma a kai mutum kabari da mutum huɗu abin kunya ne ga duk mai ƙafa a garin.

Ya sauka ya nufe su yana nuna kafaɗarsa. Suka dube shi, suka dubi motar. Da kansu suka ɗora akwatin a dandamalin baya, suka ɗaure shi da bel ɗin da ake ɗaure jakar golf, ɗaya ya nuna mana hanyar da ta hau tudu, ya yi alama da hannu cewa har ƙarshenta. Na ja mota, suka biyo mu a ƙasa.

Tudun yana da tsayi. In na sassauta sai motar ta nemi komawa baya, dole na taka. Kawu ya juya ya dafa murfin akwatin da hannu ɗaya, yana ta addu'a a bayyane, Allah ya sassauta wa na ciki, Allah ya sa ya huta. Na waiwaya, tsofaffin sun yi nisa. Da na sake waiwayawa, babu su.

A ƙarshen hanya muka tarar da maƙabarta mai farar katanga. Na leƙa. Ba a haƙa kabari ba, ba alamar ana jiran kowa. Sai wani ɗan gida ɗaya jingine da katangar, tagoginsa a rufe. Muka tsaya jiran tsofaffin. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta cimma tayar motar, ba su zo ba.

Sai ƙahon jirgi ya tashi daga ƙasa.

Tsoro ya kama ni, daga baya fushi ya biyo. Na ce mu sauke akwatin a gindin katanga mu gudu, masu shi sun san inda suka aiko shi. Na ce yarinyar mutane tana can kwance ita kaɗai da ciki, ko ruwa ba ta iya roƙa da harshensu, in jirgin nan ya tashi da ita me zan ce wa iyayenta? Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa kawu. Bai ɗaga hannunsa daga murfin ba.

"Ba a barin gawa ita ɗai," in ji shi. "Kai tahi wajen iyalinka. Ni bato shi tahi in ya ga dama." Bato suke ce wa jirgin ruwa a Maraɗi.

To ina zan tafi? Motar ɗaya ce, akwatin yana kanta, tsoho kuma ya kafe. Ina tsaye ina huci sai ƙofar ɗan gidan nan ta buɗe. Wata tsohuwa ta fito cikin farar rigar barci, tana dogara sanda, siririya ƙwarai. Ba ta gaishe mu ba. Ta zo ta shafa akwatin tun daga kai har ƙafa, ta ƙwanƙwasa shi, sannan ta kwance bel ta ɗaga murfin. Ni da Kawu muka kau da kai lokaci guda.

Da na juyo, ba komai a ciki sai farin yadi da ƙaramin matashi. Ta danna matashin da hannu, ta gyaɗa kai. Ta ce nata ne. Kafinta ya gama, ta aika a kawo mata. Mu makara muka sani da likkafani, ba mu taɓa jin an kai wa mai rai akwatinsa har gida ba.

Ta ce mu shigar mata da shi. Muka ɗauka, ƙamshin sabon katako ya cika min hanci. A ɗakinta an riga an janye kujera, an share wuri a gefen gado daidai tsawonsa. Ta tambaye ni me dattijon yake ta faɗa, tana jin sa ta taga tun da muka iso. Na ce addu'a yake wa wanda ke ciki, mun zaci da mutum. Ta daɗe tana kallon Kawu.

"Ce masa kada ya janye ta," in ji ta. "A bar min ita a ciki."

Ta mayar da murfin a hankali.

Yadda na gangaro tudun nan, Allah ne kaɗai ya kiyaye. Hanyar ɗaya ce, amma ba mu haɗu da tsofaffin ba. Na sha gaya wa kaina wani gida suka shiga shan ruwa. Muka yar da motar a bakin tasha, muka isa ana shirin janye tsani, ma'aikacin yana ta zabga mana harara.

Matata tana tsaye a saman tsanin, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, jakar takardu a rataye a wuyanta, idanunta sun kumbura. Na miƙa hannu zan kama ta, ta ja da baya tana toshe hanci. Ta ce warin me nake yi haka kamar shagon kafinta? Na ce akwatin gawa muka taya wasu ɗauka. Ta dafe cikinta ta ƙara matsawa, ta ce kada in taɓa ta sai na yi wanka. Na yi dariyar dole, na ce ta kwantar da hankalinta, ai ba gawa a ciki.

Kawu yana bayana yana haki, idonsa a kan tudun.

"Akwai, ɗiyata," in ji shi. "Ba ta dai shiga ba tukuna."