Alhaji Manu Da Ɓarayin Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa shiga kafe ɗina na intanet da ke kusa da kasuwar Azare ya san abin da Alhaji Manu mai riɗi yake yi kafin ya buga lambar sirrin imel ɗinsa. Sai ya dubi dama, ya dubi hagu, ya janyo hannun babbar riga ya lulluɓe kansa da madannan kwamfuta gaba ɗaya. Ba ka jin komai sai ƙas... ƙas... da yatsa guda, kamar kaza na tsince tsaba.

Abin da ke ƙona min rai, ni fa na buɗe masa akwatin imel ɗin! Mai sayen riɗinsa na Legas, Alhaji Rashidi, shi ya matsa masa ya yi imel, ni kuma na zauna na koya masa. Ranar da na gaji na ce, "Haba Alhaji, har ni?"

Daga cikin riga ya amsa, "Sabo, kafintan da ya sa min ƙofar gida ma ban bar masa makulli ba."

Kun ji fa! A shagona, a kan kujerata.

In ya gama kuma, bai yarda da a danna wurin fita daga akwatin kawai ba. Sai an kashe kwamfutar, an zare waya daga bango. Ɗalibai na tsaye suna jiran layi, ina ce masa, "Alhaji, wallahi ya rufu." Ya ce, "Ka shiga ciki ka gani?" Sai gilashin ya yi baƙi ƙirin, ya leƙa ciki ya gyara zaman hularsa, sannan ya tashi. Kullum haka. Kwastomomi nawa na rasa saboda mutumin nan, Allah kaɗai ya sani.

Wata rana saƙo ya shigo masa da Turanci, na fassara. Wai matar wani babban mutum ce a ƙasar waje, mijinta ya rasu makon jiya, tana neman amintacce ta zuba dukiya a asusunsa. Na ce, "'Yan damfara ne, Alhaji."

Ashe shi ba damfarar ce ta ɓata masa rai ba. Ya tafa hannu ya ce, "Innalillahi! Tana cikin takaba take rubuta wa namijin da ba muharraminta ba? Ba ta da 'yan'uwa ne? Babu dattijo a garin?"

"Alhaji, ƙato ne fa ya rubuta, babu wata mata."

"To ya fi muni! Goge shi. Ka wanke hannunka kuma."

Duk kafe aka fashe da dariya, shi ko a jikinsa.

Amma wadda ba zan manta ba ita ce ta kakar riɗi. Ya tara kaya daga manoman Gololo da Bulkachuwa, bisa amana, don da yawansu duk noman shekararsu ke nan. An loda mota tana tasha. Sai ga saƙo daga akwatin Alhaji Rashidi: wai an canza wurin sauke kaya, a kai wani sito a Kano, a yi sauri. Adireshinsa ne, sunansa ne, har yadda yake rufe saƙo.

Alhaji Manu ya sa na karanta masa sau biyu, ya ce, "Ba shi ba ne."

"Ta yaya ka sani?"

"Bai tambayi gwiwata ba. Tun da muke, bai taɓa rubutu bai tambayi ciwon gwiwata ba."

Ga shi ranar babu sabis ɗin waya ko ɗigo. Direba ya zo yana kumfar baki, "Alhaji, saboda gwiwa za ka kwanar da ni a Azare?" 'Yan kamasho suka yi ta masa shaƙiyanci, wai kwamfuta ta haukatar da tsoho. Ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a gaban motar ya zauna. Ya ce wanda ya isa ya taka shi.

Sai washegari waya ta shiga. Alhaji Rashidi ya rantse bai rubuta komai ba, ashe wasu la'anannu ne suka fasa akwatinsa, har sun yi awon gaba da kayan wani ɗan kasuwar. Ku duba mugunta! Gumin talakawa, mutum na zaune a inuwa zai kwashe da yatsu. Masu yi masa dariya jiya duk suka sunkuyar da kai. Na zaci zai yi musu gori. Ina! Ya kashe waya yana huci ya ce, "Yaran zamani! Sata ma babu gaisuwa!"

Da ciwo ya kwantar da shi na je dubiya. Ya rame sosai. Ya kama hannuna ya ce, "Sabo, na wahalar da kai ko?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Alhaji."

Ya yi dariya har da tari, bai saki hannun ba sai da barci ya ɗauke shi.

Allah ya jiƙan Alhaji Manu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya tsare amanar mutane, ya Allah ka tsare masa iyalinsa. Amin.