Abin da Ya Sa Ba a Saɓa Hauya a Gonar Kawu

Muna cikin noman gero a gonar Kawuna, dab da iyakar Kongolam, sai wani ƙugi ya taso daga sama, siriri kamar na ƙudan zuma. Rana tsaka, babu gajimare, amma ban ga komai ba. Tsuntsaye ma suka yi tsit.

Na saɓa hauyata zan koma inuwa. Kawu ya daka mini tsawa:

"Ajiye ta ƙasa! Daga can sama, hauya a kafaɗa bindiga ce."

Ya cire malafarsa, ya ɗaga fuska don jirgi marar matuƙi da ke wannan ƙugin ya gan shi da kyau.

Na ce, "Kawu, na Amurka ne ko na Rasha? Ai rediyo ta ce ba sa ga maciji."

Ya ce, "A rediyo suke faɗa. A kanmu kuwa ban taɓa jin sun saɓa ba."

Har ƙugin ya ɓace bai mayar da malafar ba.

Na dawo Daura, amma ko injin markaɗe na ji sai na ɗaga kai. Mutanen bakin iyaka, ku ma jirgin yana ziyartarku?