Shirun da Malam Ya Dawo da Shi Daga Nijar

Ranar da maigidana zai dawo daga Nijar ban iya cin komai ba tun safe. Shekara biyu ya yi yana koyar da Turanci a wata makarantar mishan da ke bayan Maraɗi, kuma wannan karon dawowa ce ta gaba ɗaya. Da hantsi ya kira ni ya ce sun wuce Jibiya, daga nan waya ta daina shiga. Duk macen da mijinta ya taɓa bin hanyar Gurbin Bore zuwa Zurmi ta san abin da ke zuwa zuciya a irin wannan lokaci. Na share tsakar gida sau biyu, na sake wanke kwanonin da na riga na wanke, na yi wa ɗiyata mai shekara huɗu kitso na kwance na sake. Ana kiran la'asar na ji ƙarar babur a ƙofar gida, na ji sallamarsa. Na fita da sauri na tarye shi.

Ya rame kaɗan, ya yi baƙi, amma shi ne. Ya fara shiga ɗakin Inna, mahaifiyarsa, ya durƙusa ya gaishe ta. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma doguwar magana da shi. Ta juya fuska wajen bango ta ce, "An iso lahiya? Madalla." Iyakar abin da ya samu ke nan.

Na shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinmu, na kawo tuwon dawa da miyar kuka da na zuba wa man shanu fiye da yadda na saba. Ya wanke hannu, ya buɗe kwano. Sai ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa, ya sunkuyar da kai, ya lumshe ido, ya yi shiru. Ya kai tsawon karanta Fatiha sau biyu a haka. Sannan ya ɗago ya ce bismillah, ya fara ci. Na ce a raina gajiyar hanya ce.

Washegari da na kawo koko da ƙosai ya sake yi. Da rana ma haka. A zuwan da ya riƙa yi da Sallah ban taɓa ganin cin abincinsa ba, don a zaure yake ci da abokansa. Yanzu da ya dawo ya ce shi cikin gida yake so a riƙa kai masa, kusa da mu. Na ji daɗin wannan, amma shi ya sa kullum sau uku abin yake faruwa a gaban idona.

Tun lokacin da zai tafi mutane suka yi ta magana. Ya gama karatun malanta ya zauna shekara uku babu aiki, sai ɗan noma da ɗaukar fasinja a babur zuwa Kasuwar Daji. Da aikin nan ya samu, kawunsa ya ce aiki aiki ne matuƙar mutum ya riƙe sallarsa. Wasu kuwa suka ce ba a zama cikin mutanen coci shekara biyu a fito yadda aka shiga. A lokacin na toshe kunnena. Yanzu maganar ta dawo mini, ta zauna a ƙirjina. Abin da nake tsoro shi ne ko mijina ya dawo da wani addini a ɓoye cikin zuciyarsa, ni da ɗiyata ba mu sani ba.

A kwana na huɗu Inna ta kira ni ɗakinta tana tsintar wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ke, kin ga abin da na gani?"

Na ce, "Na gani, Inna."

"To mi ne ne?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ke ce matarshi. Ni bakina bai iya tambayar wancan." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ni ma bakina bai iya ba. Ta yaya mace za ta dubi mijinta da ya sha wahala a ƙasar wasu don ita, ta tambaye shi ko har yanzu Musulmi ne? Sai na koma sa ido. Na lura da alwalarsa, babu abin da ya ragu, har tsefe gemu da yatsu yana nan. Ana kiran salla yake tashi, wani lokaci ya riga liman isa masallacin unguwa. Ranar Juma'a ya sa farar rigarsa ya tafi tun da wuri. Da ya fita wata rana na buɗe jakarsa, abin da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Na samu littattafai, da guntayen alli a cikin gwangwanin madara, da hoton da ya ɗauka da yara cikin kayan makaranta masu ruwan bula, da Alƙur'aninsa ƙarami wanda bangonsa ya tsufa fiye da yadda na san shi. Na mayar da komai, kunya ta rufe ni.

Akwai abin da na gano kuma. Damina ce, masara ta nuna. In na gasa masara na miƙa masa a hannu, bismillah kawai yake yi ya kai baki. Gyaɗa ma haka, rake ma haka. Sai an ajiye masa abinci a kwano a gabansa ne shirun yake zuwa. Na juya wannan a kaina kwana da kwanaki, ban gane kansa ba.

Da abin ya tsaya a kansa shi kaɗai, wataƙila da har yau ina kallo ban ce komai ba. Amma wata rana matar maƙwabcinmu ta shigo aron rariya, ta tarar na zuba wa ɗiyata dambu a ɗan kwanonta. Yarinyar nan ta gyara zama, ta ɗora hannu a gwiwa, ta runtse ido gam, ta sunkuyar da kai. Matar ta tsaya da rariya a hannu tana kallo, sai ta yi dariya ta ce, "Ikon Allah. Ashe tsarabar Nijar har da ta yara. Sannu 'yar fasto, a sa mu cikin addu'a."

Na ce, "Wasa take yi."

Ta ce, "Ai na ga wasa ne. Wa ta gani shina yi?"

Ta fita tana dariyarta. Ba muguwar mace ba ce, amma bakinta ba ya riƙe magana, na san kafin magariba labarin zai kai bakin famfo.

Da Malam ya dawo daga gona da azahar na ajiye masa abinci, na zauna gefen tabarmar maimakon in koma madafa. Ya buɗe kwano, ya sunkuyar da kai. Na bari har ya ɗago. Na ce, "Malam, don Allah mi kake yi haka?"

Ya ce, "Mi na yi?"

"Wanga shiru da kake yi kafin ka ci."

"Wane shiru?"

Na gwada masa, na sa hannu a gwiwa na rufe ido. Ya dube ni, ya dubi hannayensa da ke kan gwiwarsa har lokacin, sai ya fashe da dariya har yana tari. Ya ce, "Yanzu har nan nake yin shi? Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka dawo. Yau sati uku."

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Sati uku kina kallona ba ki tambaya ba. Ke ce kika juya mani takardu cikin jaka ke nan. Na ɗauka yarinya ce."

Na sunkuyar da kai na ce ni ce. Ya ɓata rai. Sannan ya ture kwanon gefe ya ba ni labari. Makarantar ta kwana ce, kowane malami yana da teburin da yake ci tare da yara. In an zuba abinci babu mai taɓawa sai an buga ƙararrawa sun yi addu'arsu. Shi da yaran Musulmi da ke cikinsu sai su sunkuyar da kai su jira a gama. Ya ce, "In na sa hannu suna addu'a na wulaƙanta su. In na ɗaga kai ina kalle-kalle yara su yi ta dariya. Sau uku a yini, shekara biyu. Ashe jiki ya riƙe."

Na ce, "To mi kake faɗi cikin zuciyarka?"

"Da farko ƙwarin da ke cikin wake nake ƙirgawa. Daga baya na koma salati. Wani lokaci kuma in ce ko kin sauke tukunya yanzu."

Ya ce babu wanda ya taɓa ce masa ya shiga coci. Ranar Juma'a an cire masa darasin rana don ya samu masallaci. Da azumi kuwa wata dattijuwa Kirista, mutuniyar ƙasar Benin da ke dafa wa makarantar abinci, ita ke tashi ta ɗumama musu na sahur. Ta koyi dama kunun tsamiya saboda su, na farkon kamar ruwan wanki, ya ce, amma suka shanye don kada ta ji kunya. "Lokacin da taifot ta kwantar da ni sati biyu ma ita ta yi jinyata."

Na ce, "Taifot? Yaushe?"

Ya gane ya yi suɓutar baki. Ashe lokacin da ya ce mini wayarsa ta lalace, kwance yake. Nan na manta da maganar addini gaba ɗaya, na shiga faɗan wannan. Ya ce mun yi ɗaya da ɗaya, ni na buɗe jaka shi ya ɓoye ciwo. Ban yarda ɗaya ne ba, har yau ban yarda ba, amma na tashi na ɗumama masa miyar da ta huce.

Da la'asar na kai wa Inna labari duka. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ni dama ban ce komi ba." Can kuma ta ce, "Matar da ta yi jinyar, tana da ɗiya?" Na ce ban tambaya ba. Ta ce, "Ke kullum sai ki baro rabin magana."

Maƙwabciyata kuwa ni na bi ta har gida da na je karɓar rariyata, na faɗa mata yadda abin yake. Ta ce ita wasa take yi. Malam ya zaunar da yarinya ya ce mata bismillah ake yi da ido buɗe, don a ga ƙuda in ya faɗa. Shi kansa sai da ya ɗauki lokaci. Yakan fara sunkuyawa ya tuna, ya dube ni, mu yi dariya. Kafin a yanke gero ya daina, ya kuma samu koyarwa a wata makaranta nan cikin Ƙaura.

Kwana biyu bayan maganarmu Inna ta buɗe akwatinta ta ciro turmin atamfa da ta daɗe tana ajiya, ta haɗa da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta ƙulle a buhu. Ta ce mini, "Ki ce ma wancan ya ba direban Maraɗi ya kai ma matar." Malam ya rubuta 'yar takarda ya sa a ciki. Na yi ta tunanin ko za a karɓe kayan a kan iyaka, ko direban ya manta da su a tasha, ko ruwa ya jiƙa kukar. Bayan kwana tara direban ya aiko a zo a karɓi saƙo. Buhunmu ne ya dawo, da kwalbar yaji ja wur a ciki, irin wanda Malam ya ce tana zuba musu a shinkafa. Inna ta lakata da yatsa ta ɗanɗana, ta yi ta hura baki tana neman ruwa, ta ce mutanen nan ba su tausayin harshensu. Na miƙa hannu zan kai kwalbar madafa, ta ce in bar ta nan ɗakinta.